Borin don ƙarin ƙarfi, ko a bar silinda yadda take? Lissafin mai babur mai ƙafa huɗu a Gombe

Babur mai ƙafa huɗu bai yawaita a Gombe ba. Jefi-jefi kake ganinsa, wajen masu manyan gonaki ko samarin da ke fito da shi ranar Sallah su tayar wa unguwa ƙura. Nawa na aiki ne. Ɗan China ne na hannu, mai injin GY6 na cc 150, kuma saboda hanya ɗaya tak na saye shi: daga inda na bar kwalta bayan Dadin Kowa zuwa gonata baƙar laka ce, wadda in Agusta ta kama mota ba ta isa ta taka ta ba, babur mai ƙafa biyu kuwa sai ka sauka ka tura. Shi wannan yakan ɗauke ni da buhun taki ya ratsa.

A damina ta uku ya fara ja da baya. Hawan da yake haurewa ban ma sani ba ya koma sai da nishi, baƙin mai yana raguwa, in na saki totur na sake dannawa sai shuɗin hayaƙi ya biyo baya. Ƙanena, wanda ba ya rabuwa da kallon masu gyaran injin a waya, ya ce, "Yaya, tunda dai za a buɗe shi, a kai shi borin gaba ɗaya a sa masa babban fistin. Ya tashi daga 150 ya koma 180, ka huta."

Maganar tana da daɗin ji. Amma ta haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya suke ba, kuma daga nan yawancinmu muke ɓata. Akwai borin na gyara: silinda ta cinye, sai a rarake raminta kaɗan don ya koma zagaye sumul, a sa fistin da ya ɗara na asali kaɗan. Akwai kuma borin na neman ƙarfi, inda ake faɗaɗa ramin da milimita uku, huɗu ko fiye, ko a sayo wata silinda mai faɗin rami a ɗora. Na farko magani ne. Na biyu sauya wa injin halitta ne. Kafin mutum ya zaɓa, ga kuma hanya ta uku da ba a cika kawo ta cikin hira ba, wato a ƙyale silindar a nemi jan a wani wurin.

Mu fara da lissafi, don shi ba ya son kai. Girman injin ana samunsa ne haka: faɗin rami sau faɗin rami, sau tsawon tafiyar fistin, sau 0.7854, a raba da 1000 in da milimita aka auna. GY6 na 150 raminsa milimita 57.4 ne, tafiyar fistinsa 57.8. In ka buga za ka sami cc 149.6. Fistin na ƙari da ake sayarwa hawa huɗu ne bisa al'ada: ƙarin milimita 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00, waɗanda makanikai suke kira 010, 020, 030 da 040 saboda awon inci. To, a ce ka tsallake duka ka tafi na ƙarshe, ramin ya koma 58.4. Injinka ya zama cc 154.8. Ƙarin cc biyar ke nan da ɗan ɗoriya, kashi uku da rabi cikin ɗari. In injin yana ba da ƙarfin doki goma, ka samu sulusin doki. Ba ɗan China kaɗai ba: Boxer 150, babur mai ƙafa biyu, raminsa 56 ne, tafiya 58.8, cc 144.8, ƙara masa milimita guda ya koma 150 cif. Honda TRX400EX, wanda masu wasan rairayi suke ji da shi, raminsa 85 ne da tafiya 70, cc 397. Milimita guda ta kai shi 406, abin da bai kai kashi biyu da rabi ba.

Don ka gane ƙanƙantar wannan ƙari, dubi yanayinmu. Iska mai zafin digiri 40 ta fi mai digiri 20 rashin nauyi da kusan kashi shida cikin ɗari, injin kuwa iska yake shaƙa ya ƙona mai da ita. Wato bambancin da ke tsakanin baburinka da asubahin hunturu da shi ɗin dai da azahar ɗin Afrilu ya kai abin da milimita guda ta borin za ta ba ka. Wa ya taɓa sauka daga babur da azahar ya ce an sace masa doki?

Sai ka ce, to me ya sa duk wanda ya dawo daga borin yake rantsuwa injinsa ya ƙara ƙarfi? Ba ƙarya yake yi ba. Injin da aka kai borin mara lafiya ne tun farko. Ringi sun saki, matsi yana zurarewa ta gefen fistin zuwa cikin kes, wato gangar jikin injin da silinda take zaune a kanta, rabin bugun yana tafiya a banza. Da aka gyara sai ƙarfin da ya ɓace ya dawo. Mai shi yana gwada injin yau da na makon jiya, ya manta yadda yake ranar da aka fito da shi daga kwali. Lafiyayyen injin da ka kai borin na 040 don neman ƙarfi, abin da ka yi kawai shi ne ka cinye hawa huɗu na gyaran gaba a zama ɗaya. Ranar da ya cinye da gaske, babu sauran naman da za a yanka, sai dai sabon silif, wato bututun ƙarfen da ake dasawa cikin silinda fistin ya riƙa tafiya a ciki, ko sabuwar silinda.

Saboda haka tambayar farko ba "nawa za a ƙara?" ba ce. Tambayar ita ce, silindar ce ma take ciwo? Rashin ja yana da iyaye da yawa. A irin wannan injin bawul yakan matse da tafiya har ya daina rufewa sosai, kuma saita shi, wajen milimita 0.10 injin yana sanyi, aikin rabin awa ne. Bel in ya cinye ya sirance, babur yakan yi ta ihu ba tafiya. Rololin da ke cikin fulen gaba sukan yi gefe-gefe su daina gangarawa. Soson tace iska yakan toshe, kafireta takan yi datti, birkin baya yakan riƙe. Duk waɗannan ba ruwansu da borin.  Magabatan makanikai sun san cewa sau da yawa ciwon yana kan injin, wajen bawul, ba a cikin silinda ba.

Akwai gwaji mai sauƙi da yake raba gardama. A cire fulogi, a ɗaura agogon auna matsi, a danna totur har ƙarshe a buga sitata, a rubuta abin da allura ta nuna. Sai a zuba baƙin mai kamar cokalin shayi ta ramin fulogin a sake bugawa. In allura ta haura sosai, man ne ya toshe giɓin ringi na ɗan lokaci, ciwon yana ringi ko silinda. In ba ta motsa ba, a nemi bawul ko gasket. Hayaƙi ma yana magana: shuɗi baƙin mai ne yake ƙonewa, baƙi fetur ne ya yi yawa. Shuɗin da ke fitowa da safe kawai ya ɗauke bayan minti biyu, galibi robar bawul ce. Makanikin da ya saurari injin da kunne kawai ya ce "sai borin", ka ce masa ya kawo agogo.

Nawa dai da aka auna, silindar ce. Kuma da muka buɗe muka ga dalilin. Robar da ta haɗa akwatin soso da kafireta ta tsage ta ƙasa, inda ido ba ya kai wa. Na zura yatsa ciki, ya fito da gari ja mai laushi kamar hoda. Hunturu biyu injin yana shan ƙurar hanyar Deba ba tacewa, ƙura da baƙin mai kuwa in sun haɗu sun zama abin wasa wuƙa. A saman ramin, inda ringi yake juyawa, har gaɓa ta fito wadda farce yake kamawa.

A nan na yi kuskuren da nake so wani ya kauce masa. Ina sauri, shuka tana jirana, sai na ba yaron gareji silindar ya kai wani wurin borin a cikin gari, na ce a yi 020, fistin kuma na yi saƙonsa daga Kano. Aka rarake rami tun fistin yana hanya. Da ya iso aka zo haɗawa, sai ya shiga da ƙyar. Makanikin ya ce, "Alhaji, sabo ne, in ya yi tafiya zai saki." Kwana huɗu ya yi. A na biyar, tsakiyar laka, buhu a baya, injin ya yi wani ƙugi ya ɗauke ɗif, sitata ta kasa juya shi. Amalanken shanu ce ta fito da mu. Da aka buɗe, ga zane huɗu a jikin fistin, biyu ta kowane gefen fil ɗin da ke riƙe shi, alminiyum ya narke ya manne a bangon silinda. Fistin ya yi zafi ya kumbura, bai sami wurin kumburin ba. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Karo na biyu da kaina na tafi, wajen wani dattijo da aka yi mini kwatance. Ina ajiye silindar a kan bencinsa ya ce, "Ina fistin?" Na ce yana mota. Ya ce, "Ɗauko, ɗana. Ni ba na yanka wa mutum riga ban gan shi ba." Ya goge fistin da tsumma, ya kama shi da maikiromita a ƙasan siket ɗinsa, ta gefen da ya gitta fil, don fistin ba zagaye yake cif ba, kuma ya fi faɗi a ƙasa. Ya rubuta lambar da alli a jikin benci. Ya auna ramin a sama, tsakiya da ƙasa, kowanne ta fuska biyu. Sannan ya ce zanen ya yi zurfi, 030 ba zai share shi ba, sai 040. Hawa biyu suka tafi a kan gaggawata.

Abin da ya yi bayan nan shi ne ainihin aikin. Bai yanke har iyaka ba, ya bar ɗan nama, ya ƙarasa da dutsen gogewa yana hawa da sauka har bangon ya fito da zane mai gicciye kamar saƙar tabarma, wanda shi ke riƙe baƙin mai. Tazarar da ake bari tsakanin fistin da bango a ƙananan injuna irin wannan tsakanin milimita 0.02 ne da 0.05, abin da bai kai kaurin gashin kai ba, kuma in ta kai wajen 0.10 an ce silinda ta cinye. Ka ga ke nan aikin ba na ido ba ne. Ya saka ringi shi kaɗai cikin ramin, ya tura shi da kan fistin don ya zauna daidai, ya auna giɓin bakinsa da siraran ƙarafan awo. Ƙa'idar da aka saba ita ce kusan milimita 0.1 ga kowace milimita 25 ta faɗin rami. Ɗaya ya matse, ya ɗan goga bakinsa. Da zai ba ni ya ce kada a wanke da fetur kawai, a sa ruwan zafi da omo da buroshi, a goga farin ƙyalle, in ya fito da toka a sake wankewa, a shafa mai nan take kada ta yi tsatsa. Garin dutsen da ya maƙale a cikin zanen, in aka bar shi, shi zai cinye sabbin ringin cikin mako biyu.

Na dawo da injin cc 154.8. Ya ja? Ya ja, kamar yadda yake ja ranar da na saye shi. Fiye da haka ban ji ba, kuma na sa kunne.

Ga masu injin China akwai wani zaɓi da ya kamata a ɗora a sikeli kafin a je borin na gyara ma. Silindar GY6 ko ta injin CG na babur mai ƙafa biyu sabuwa, haɗe da fistin da ringi da gasket, ana samunta cikin kwali ɗaya, kuma sau da yawa kuɗinta ba ya nisa da kuɗin borin haɗe da fistin na ƙari. An riga an daidaita tazararta daga masana'anta, ba ka dogara da hannun kowa ba. Illarta ita ce kasuwa cike take da gauraye, wata ƙarfenta laushi ne, damina ɗaya ta gama. Wanda kuwa yake da Honda ko Yamaha na asali, silindarsa ta gida ta fi yawancin abin da zai samu a kwali, sabuwarta ta asali kuma tsada gare ta ga wahalar samu. Shi borin ne ya fi masa, hawa ɗaya a lokaci guda, mafi ƙanƙantar da zai share cin.

Sai dai a duba ko silindar tana karɓar borin ma. Wasu injunan zamani, irin Yamaha YFZ450, ba su da silif na baƙin ƙarfe. Bangon alminiyum ne aka yi masa wani siririn rufi mai tsananin tauri. Wanda ya fi shahara a irin wannan rufi shi ne Nikasil, na kamfanin Mahle na Jamus, tun 1967. In aka sa wa irin wannan wuƙar borin an kankare rufin, abin da ya saura alminiyum ne tsirara wanda ringi zai cinye kafin ka kai Kumo. Gyaranta sai dai a sake rufin a masana'antar da ke yin sa, ko a dasa silif, ko a sayi wata. Juya silindar ka duba ƙasanta: mai silif za ka ga bakin ƙarfe daban da jikin alminiyum, maganaɗisu kuma yana cafke shi da ƙarfi. Masu injin da ake haɗa wa fetur da mai kuma, irin Yamaha Blaster ko tsohon Jincheng, bangon silindarsu yana da tagogi, kuma bayan borin dole a dakushe bakin kowace taga, in ba haka ba ringi ya sarƙe ya karye.

Yanzu ga maganar ƙanena, babbar silinda. Ba zan ce ba ta ƙara ƙarfi ba, tana ƙarawa. Ga GY6 ana sayar da mai rami 58.5, wadda ke ba da cc 155, da mai 61 mai ba da 169, da mai 63 mai ba da 180. Ta farkon tana zama a kan kes ba tare da an taɓa komai ba, amma ka ga da kanka, tazararta da 040 ɗina ba ta kai cc ɗaya ba. Ƙarin da za a ji a jiki yana farawa ne daga 61, kashi 13 cikin ɗari, zuwa 63 mai kashi 20. Su kuwa yawancinsu ƙasan silif ɗinsu ya fi bakin kes faɗi, sai an wargaza injin gaba ɗaya an kai kes ɗin an rarake shi. Abin da aka yanke a nan ba ya komawa.

Kuma fistin ba shi kaɗai yake aiki ba. Ka faɗaɗa ciki, amma maƙogwaron yana nan yadda yake: bawul ɗin nan dai, kafireta mai bakin milimita 24 ɗin nan dai, salansar nan dai. Shi ya sa ƙarin yake fitowa a tashi da tsakiyar totur, can sama kuwa injin ya shaƙe. Kashi 13 na girma ba ya zama kashi 13 na ƙarfi sai an bi sauran da gyara, kowanne da kuɗinsa. Kafireta dole a sake saita ta, galibi a ƙara girman jet, 'yar kafar da fetur ke bi a cikinta, ana duba fulogi: ruwan ƙasa lafiya, fari fat yana nufin fetur ya yi kaɗan, injin yana cin wuta, fistin yana dab da hujewa.

Matsi ma yana hawa ko ba ka nema ba, tunda iska mai yawa ake cusawa cikin ɗakin ƙonewa da bai ƙaru ba. Mu ɗauka injin yana matsa 9.2 zuwa 1. In siffar kan fistin ba ta sauya ba, rami 61 zai kai shi wajen 10.3, rami 63 kuma kusan 10.9. A ƙasashen da ake tsara waɗannan kaya, mai babur yakan tsaya a gidan mai ya zaɓi fetur mai jure matsi. Mu nan famfo ɗaya ne, abin da tanka ta kawo shi za ka sha, a ƙauye kuma na galan ne wajen 'yan bumburutu, wanda Allah kaɗai ya san abin da aka haɗa masa. Fetur mara juriya in ya gamu da matsi da zafi yakan fashe da kansa kafin wutar fulogi ta gama bin sa. Za ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani lokacin da kake hawa da kaya. Wannan ƙarar guduma ce a kan fistin da ringi da boris ɗin kwanrod, sandar da fistin yake ɗaure a kanta.

Zafi shi ne babban abin da ya sa na ƙi. GY6 ba shi da lagireto mai sanyaya injin da ruwa, fanka ce take hura iska ta cikin murfin roba zuwa haƙarƙarin silinda. Baƙin man da yake ɗauka bai kai lita ɗaya ba, matatarsa kuma 'yar raga ce kawai. Ka ƙara man da ake ƙonawa a kowane bugu da kashi 13 ko 20, fankar ba ta ƙaru ba, haƙarƙarin bai ƙaru ba, bangon silif kuma ya ƙara sirancewa. Wanda ya ɗauki bidiyon da ƙanena yake nuna mini, a kan kwalta yake gudu shi kaɗai, sanye da rigar sanyi. Ni a laka nake tafiyar hawainiya da totur a danne, taɓo da ciyawa suna cushe murfin fanka, ko kuma a Maris da Afrilu ina kwasar amfanin rani lokacin da Gombe take kai digiri 40. In za a yi, sai an ƙara abin sanyaya baƙin mai, a riƙa juye akai-akai. Ga sitata da batir da aka yi su don tura ƙaramin fistin, ga nauyin babban fistin a kan kwanrod da ya riga ya sha shekaru. Fetur kuwa, tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, ba wanda yake buƙatar a tuna masa cewa babban ciki da babban ci yake tafiya. In wani abu ya karye kuma, fistin 57.4 ana iya samo shi cikin sauƙi, na 63 kuwa sai ka jira saƙo daga Legas ko daga waje, babur yana jingine, damina tana wucewa.

Wa babbar silinda ta dace da shi? Wanda baburinsa na wasa ne, yana da wani abin hawan, yana jin daɗin kwancewa da ɗaurawa, kuma in ya buga ba abincin gidansa ne ya tsaya ba. Ya fi kyau in injin mai lagireto ne, kuma ya sayi silinda daban ya adana ta asali a kwali. Masu TRX400EX da yawa sun yi rami 87, cc 416, sun zauna lafiya, don Honda ta bar nama a wannan silindar kuma injin yana da abin sanyaya mai tun daga gida. Amma ko su, in za su haura zuwa 89 sai an sauya silif. Wanda ya sa fistin na ƙira maimakon na zubi kuma ya sani yana son tazara mafi faɗi, yana kuma son a bar injin ya ɗumama kafin a danna.

Abin da na gane daga baya shi ne, ni ba ƙarfin injin nake nema ba, ja nake nema a taya. Waɗannan kuwa ba ɗaya ba ne. Irin baburina sarƙa ce take kai juyi zuwa gatarin baya, tana hawa faifai mai haƙora. Na baya a nawa haƙora 32 ne. Na sa mai 36, aka ƙara wa sarƙar 'yan gaɓoɓi. Raba 36 da 32, ka sami ƙarin ja kashi 12 da rabi cikin ɗari, kusan daidai da abin da silinda mai rami 61 take alkawari a takarda, ba a buɗe injin ba, ba a taɓa kafireta ba, matsi bai motsa ba. Injin ma sauƙi ya samu, tunda ba ya dannuwa a hawa. Abin da na biya shi ne gudu: ƙarshen gudunsa ya ragu da kusan kashi 11. A hanyar da ba na wuce tafiyar keke, wannan ba asara ba ce. Wanda kuma yake yawan hawa kwalta zai ji ta, injin zai riƙa kuka a sama yana shan mai, don haka shi ya tsaya a ƙarin haƙora biyu.

Sauran ƙananan abubuwan su ma sun taimaka. Sabon bel, da roli masu ɗan rashin nauyi a fulen gaba, waɗanda ke barin injin ya hau juyi kafin ya kama tafiya. Iskar taya: irin waɗannan tayoyin ƙaramar iska suke so, mai faci kuwa in ba ka tsaya a kansa ba zai cika su tamkar na Keke Napep, su yi ta sulɓi a laka kana zargin injin. Robar iskar nan da ta jawo komai an sauya ta, soson kuma duk mako biyu a lokacin ƙura nake wanke shi in shafa masa mai in matse.

Bayan borin ɗin dattijo na yi awannin farko ba kaya, ina sassauta totur ina ƙarawa, ban bar shi a danne ba, na juye baƙin mai da wuri. Ya fito da ɗan ƙyalli-ƙyallin ƙarfe, na biyu ya fito tas. Silindar tana kan 040 yanzu, hawanta na ƙarshe, in ta sake cinyewa sabuwa mai 57.4 zan ɗora. Ƙanena har yanzu yana turo mini hoton mai 63. Makon jiya da ya raka ni gona, shi a baya da buhun yuriya a gaba, muka haure hawan nan na bakin rafi, ya yi shiru har muka sauka, sannan ya tambaye ni ko akwai faifai mai haƙora 40.